Bakin tiyon da wuta ta ƙona

Maigida, Baban Hadiza,

Sallama a gare ka. Na san wannan takarda ba za ta iske ka a kabarinka na Kano ba, amma wa zan fara gaya wa in ba kai ba?

Mutane suna ɗauka duk haɗin tiyon ruwa ɗaya ne. Kai ka nuna mini bambancin. Kai manshon kake sawa, ɗan gajeren bututun nan da ke rungume bakunan tiyo biyu, ka shafa gam, ka jira ya kama. Mai gaggawa kuwa gasa bakin yake a wuta, ya cusa ɗaya cikin ɗaya.

Da ruwa ya jiƙa katangar Alhaji Sabi'u ta faɗi, mutanen garinmu Matameye duka suka ce tiyon da ka haɗa masa ne ya yi yoyo. Haruna ne ya fara faɗin haka. Haruna abokin sana'arka, wanda ya ci tuwo a kwano ɗaya da kai! Aiki ya yanke maka, ka tafi cirani, zazzaɓi ya ɗauke ka a can.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba: ni ma na yi shakka. Ranar da ka rantse mini cewa ba laifinka ba ne, na sunkuyar da kai. Ka gani, ko?

Shekaranjiya magina suka tono tiyon. Haɗinka uku suna nan daram. Wanda ya tsage na huɗu ne, reshe zuwa wurin shan ruwan tumaki, bakinsa baƙi ƙirin. Hajiya, matar Alhaji Sabi'u, da kanta ta ce mini Haruna ya ja shi bayan ka gama naka.

Guntun yana cikin jakata, tsakanin littattafan 'yan ajina. Kullum ina koya musu yafiya, amma wannan ba zan yafe ba. Hadiza ta shekara biyu ana ce mata 'yar mai rusa gida.

Ranar Juma'a zan kai shi ƙofar mai unguwa, da sabon tiyo, da manshon, da garwashi. Zan sa a kira Haruna. A gaban dattawa zai haɗa yadda ya saba, a kwatanta. Duk mai shakka ya gwada da hannunsa. Ina so ya sunkuyar da kai a inda kowa ke gani, yadda na sunkuyar da nawa a gabanka.

Allah ya haskaka kabarinka.

Matarka da ta makara wajen gaskata ka,
Malama Rabi