Bunsuru a Kan Zanen Rahmatu

Kalgo, 6 ga Agusta, 1956

Zuwa ga maiɗakina Rahmatu, a Gwandu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jego, yaya jaririyarmu? Ki gaishe min da Inna da Baba. Kai kuma Yaya Siddiƙu, tunda kai za ka karanta mata, don Allah ka danne dariyarka.

Bayan haka, na yi miki laifi. Ranar Talata na buɗe ɗakinki ya sha iska, na tafi gona. Ruwa ya sauko, bunsurun maƙwabcinmu Adamu ya shiga fakewa. Ya tsula fitsari a daɓe, ya ture murfin adudun kayanki, ya kwanta a kan zanen saƙin da kakarki ta bar miki, wanda kika ce da shi za ki yi yawon arba'in.

Na wanke shi da sabulu sau uku, na yayyafa turare. Warin ya haɗu da turaren, abin ya ƙara muni. Saura kwana goma sha biyu ki dawo. Kada ki ɗaga hankalinki, ban haƙura ba.

Mijinki, Sambo.

Kalgo, 15 ga Agusta, 1956

Zuwa ga Rahmatu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, albishirinki!

Na ajiye girman kai na je wurin Gwaggo Albarka, tsohuwar nan mai sabulun salo. Ta yi min faɗa son ranta, sannan ta koya min. Na tace ruwan toka, na fara gwadawa a bakin zanen don kada shuɗinsa ya koɗe. Bai koɗe ba. Na jiƙa shi yini guda, na ɗauraye da ruwan lemun tsami. Sai hadari ya hana rana fitowa har kwana uku, ina kallon sama kamar zan yi kuka. A na huɗu Allah ya kawo ta, na shanya.

Daɓen kuwa na kankare shi, na barbaɗa gawayi, na sake sabon daɓe da ruwan makuba. Matan unguwa har leƙe suke, wai namiji na daɓe.

Hancina ya riga ya saba, ban yarda da shi ba. Kin san Dije matar Adamu tana da ciki, ko ƙamshin miya amai yake sa ta. Na ba mijinta zanen ya shigar mata, na tsaya a zaure ina jira. Ya fito yana dariya. Wai ta tusa hancinta a ciki, ta shaƙa, ta ƙara shaƙa, ta ce a bar mata aro.

Tafin hannuna ya saɓule, amma wallahi yau ko ƙasa ba na jin ina takawa. Na ninke zanen na ajiye. Ranar Asabar, in sha Allahu, zan zo in ɗauko ku.

Naki har kullum, Sambo.