Layin Bulo Biyu Da Na Rage

Lahadi, da dare

Yau ruwa ya shiga gidan Mama Saratu, matar marigayi dattijon cocinmu. Ni na gina gidan. Lokacin ginin, ma'aikatan tsara gari sun ce tunda bakin rafi ne, a ɗaga fandisho da layin bulo uku. Ɗaya na sa, don ina sauri in kama wani aiki a garin Gidan Waya.

Busasshiyar cittar da ta ajiye duk ta jiƙe. Muna kwashe ruwa da bokiti ta ce, "Sannu, ɗana. Daga Allah ne, ba laifin kowa ba."

Na duba inda ruwan ya tsaya a bango. Bai kai tsayin bulo biyu ba.

Na ci gaba da kwashe ruwa. Har dafaffiyar masara ta ba ni, kuma na karɓa.