Biza Ta Fito, Malam

Plumstead, Landan

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya kai haske kabarinka. Na san babu gidan wayar da zai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma da kai aka fara shirin tafiyar nan, bai kamata in tashi ban gaya maka inda aka kwana ba.

Ranar Alhamis za mu kama hanya, da motarka.

Na gama takaba a watan Satumba. Na ajiye aikina na unguwar zoma a asibiti, kuma babban asibitin Kano sun rubuto cewa suna jira na. Kowa komawa gida yake yi yanzu, aiki ya yi yawa, ma'aikata sun yi kaɗan. Yaya Sani ya rubuto sau biyu, ya ce in saka motar a jirgin ruwa ni kuma in hau jirgin sama kamar kowace mace mai hankali. Na ba shi amsa da ladabi. Na ce masa jirage sun yi cincirindo a tashar Legas, motar Alhaji Garba maƙwabcinmu wata bakwai ke nan tana kan ruwa. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba, kuma ina jin ya gane.

'Yarmu Ummi ta riga ni tafiya. Matar Alhaji Garba ce ta tafi da ita a jirgin sama makon jiya, yanzu tana wajen kakarta Hajiya. Ba zan shiga hamada da yarinya 'yar shekara shida ba, kai ma ba ka yi niyyar haka ba. Hajiya ta aiko cewa tana yi mata Hausa tana amsawa da Turanci, kuma ta ƙi tuwo sai shinkafa. Haƙorinta na gaba ya fita kwana biyu kafin su tashi.

Ba ni kaɗai ba ce, kada hankalinka ya tashi. Abokinka Bitrus ya gama karatunsa, shi da matarsa Rifkatu za su bi ni a tasu motar, ƙanwarta Saratu kuma za ta zauna tare da ni mu riƙa karɓar tuƙi. Hanyar da ka zana da jan biro a taswira ita za mu bi, ban canza komai ba. Na yi booking ɗin jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais. Kwana biyu mu ratsa Faransa, sai babban jirgin daga Marseille zuwa Aljas. Daga nan kudu: In Salah, Tamanrasset, Agadas, Damagaram, mu shiga ta Daura. Bitrus ya ce mako uku idan Allah ya kiyaye. A Tamanrasset sai mun rubuta sunayenmu wajen 'yan sanda mun jira wasu motoci, don ba a barin mutum ya shiga yashin shi kaɗai.

Jerin kayan da ka rubuta a bayan littafinka na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Jarkokin fetur, jarkokin ruwa, taya biyu na safaya, shebur, igiya, da faranti biyu na ƙarfe da ake sakawa ƙarƙashin taya idan mota ta kafe. Akwai wata kalma a layi na tara da na kasa karantawa. Na kai wa Bitrus, shi ma ya kasa. Me ka rubuta a wurin, Malam? Idan abu ne mai muhimmanci, to za mu gane a hanya. Na koyi canza taya a bakin titi gaban gida, matar Baturen da ke ƙasanmu tana leƙe ta taga. Sau uku na yi kafin Bitrus ya yarda na iya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu.

Ka tuna ranar da ka ba ni fasfo ɗinmu da takardu ka ce in kai ofishin jakadancin Aljeriya a buga mana biza, tunda ina da hutu? Ban kai ba. Na hau bas har na sauka, na tsaya a tsallaken titi ina kallon ƙofar, sannan na juyo. Tsoron hamadar nake ji. Na yi ta tunanin mota ta lalace, ruwa ya ƙare, babu kowa. Na ce a raina idan lokaci ya ƙure dole ka haƙura mu hau jirgin sama. Takardun suka zauna a ƙasan jakata ta aiki mako biyar.

Sai ciwon ya kwantar da kai. A asibiti sau uku kana tambaya ta ko biza ta fito, sau uku ina ce maka suna kan aiki. Rana ta ƙarshe har ka yi faɗa, ka ce mutanen nan ba su san darajar lokaci ba, da ka samu sauƙi da kanka za ka je. Na gyara maka matashi kawai. Ka tafi kana jin haushin mutanen da ba su taɓa ganin takardunka ba. Me ya hana ni faɗa maka? Da ka yi fushi na yini ɗaya, sannan ka zaunar da ni ka yi mini bayanin rijiyoyin hanya har in gaji. Ka yafe mini.

Da na koma ofishin a watan jiya, kwana huɗu kawai suka yi suka buga. Fasfo ɗinka na bar shi a gida, yana cikin akwatina tare da hularka.

Har yanzu ina jin tsoron, ba zan ɓoye maka ba. Amma na ga abin da nake gudu ya same mu a ɗaki mai fitila da likitoci, ruwa na zuba a famfo.

Jiya na je wajenka. Ciyawa ta fito, na cire wadda na iya. Alhaji Garba ya yi alkawarin zai riƙa zuwa duk Juma'ar da ya samu dama har ya gama aikinsa a nan. Bayan shi ban san wa zai zo ba. Wannan ne ya fi yi mini nauyi, kuma ban samo masa dabara ba. Gobe zan mayar wa hukumar da ta ba mu haya makullin gidan.

Abu ɗaya ya rage ban yi ba. Kujerar direba tana nan daidai tsawon ƙafarka, duk watannin nan da matashi a bayana nake tuƙi. Bitrus ya ce ba a shiga hamada haka, ƙafata sai ta kai birki sosai. Ranar Alhamis bayan sallar asuba zan matso da ita gaba.

Sai wata rana, Malam. Allah ya jiƙanka, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Binta