Askin da Uzairu Ya Yi wa Ɗorawar Inna

Rano, Jihar Kano.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Jumai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Murtala da yara da duk mutanenmu na Agege. Allah Ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan, Ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa har kaji sun daina faɗa. Idona na hagu ya yi ritaya, na dama ne ke riƙe da gidan, don haka in kin ga layi ya karkace kada ki zargi alƙalami. Afra'u matar ɗanki Uzairu tana nan wajenmu, cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Maganar ba ta waya ba ce, inda mutum zai faɗi rabi kati ya ƙare, ki kwana da rabin. Ki samu wuri ki zauna.

Kin san aikin Uzairu a Kano, kamfanin nan na masu hawa bishiya da igiya da hular kwano, su rage rassa a gidajen manya, su kawar da reshe daga kan wayar lantarki. Albashin irin wanda ke zuwa ya gaishe ka ya wuce ne. Shi ya sa kusan dukansu Asabar da Lahadi suke ɗan nasu na gefe, duk da kamfani ya hana, musamman da injinsa, har an kori wasu bara a kan haka. Uzairu in ya taho gida ranar Juma'a, injin yankan na ɗaure a bayan babur cikin buhu, sai ka ce ɗan akuya ya sayo. Daga Lausu har Rurum an san shi. Duk mai darbejiyar da ta jingina da katanga shi yake nema, kuma da wannan ne ya haɗa kayan haihuwa.

To, kin tuna lokacin da aka sayar wa Alhaji Ɗayyabu gonarmu ta Durba. A gaban dagaci aka ce ƙasa tasa ce, amma ɗorawar da ke tsakiya ta Inna ce, kuma ke ta bar wa. A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne, gona da mai ita, bishiya da mai ita. Tun daga nan Uwa, matar marigayi yayanmu, ke kaɗe ta duk shekara, ta dafa kalwa, ta aiko miki da daddawa, sauran ta kai kasuwar Kibiya ta rufa wa kanta asiri. Shi kuwa Alhaji ya daɗe yana ƙunƙuni, wai inuwa na cinye masa masara, tarakta ma sai ta yi ɗawafi kafin ta wuce. Ya nemi masu gatarin Durba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bayansa na ciwo. Ban taɓa ganin ciwon baya ya kama gari guda a mako ɗaya ba sai a kan ɗorawar Inna.

Sai ya aika wa Uzairu. Yaron da aka haifa a Agege, ya koyi aiki a birni, inda bishiya ke bin mai fili kamar yadda rijiya ke bin gida. Ya ce mini ya yi tambayar da aka koya masa, ya tambaya gonar ta wa ce, aka ce ta Alhaji ce, shi ke nan ya ɗaura igiya ya hau. Kuma a lokacin ɗorawar ta cika da tutu, furen nan nata ja wur, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Kafin azahar ya sauke manyan rassan duka, ya bar gangar jiki da 'yan dungulmi a sama, kamar hannun da aka ɗaga ana roƙo. Aiki tsaf, ba tsaga ba ɓaraka. Wannan kam ba zan rage masa ba.

Washegari Uwa ta je duba tutu, ta tarar masu gawayi na jan rassa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta hau mota ta zo Rano, ta same mu muna karyawa, ta gaishe ni, sannan ta tambayi Uzairu ko miyar kukar da ya sha ranar Juma'a ta yi masa daɗi. Ya ce ƙwarai. Ta ce to ya riƙe ɗanɗanon da kyau, don daddawar cikinta daga bishiyar uwarsa ta fito, wadda ya yi wa aski jiya. Jumai, na ga mutane sun ji labarin mutuwa, amma ban cika ganin fuska ta zube irin tasa ba. Tun ranar bai ƙara ɗora buhun nan a babur ba.

Na je wajen Alhaji da kaina. Ya shimfiɗa mini darduma, ya sa aka kawo fura, ya ce shi bai taɓa bishiyar kowa ba, ɗan mai ita ne ya hau. Ya ce in muna so mu kai ƙara ga dagaci bismillah, amma zai faɗi wanda ya yanka da injin da aka yanka da shi, ga sunan kamfani ɓaro-ɓaro a jikinsa, duk Durba ta gani, kuma Kano ba nisa. A nan na gane ba don ƙwarewa kaɗai ya zaɓi yaron ba. Ya zaɓi mutum ɗaya da ya iya hawa, bai san tarihin ba, kuma danginsa ba za su so a yi magana ba. Yanzu nufinsa kafin ruwan shuka ya tuge abin da ya rage, wai kututture ne ba bishiya ba. Dagaci ya ce ba zai iya hana shi ba sai mai ita ta yi magana da bakinta, a gaban shaidu.

Da bishiyar ta mutu, da na huta da rubuta miki wannan. Amma tana da rai. Uzairu ya ce yadda ya yanka, in aka ƙyale ta za ta yi toho, bayan 'yan shekaru ta sake haihuwa. Ga inda muka tsaya ke nan. In kin yi magana, ɗorawar Inna ta tsira, ɗanki ya rasa aiki ga jariri a hanya. In kin yi shiru, aiki ya tsira, abin da ya rage mana a Durba ya zama gawayi, Uwa kuma ta kife tukunyarta. Shi Uzairu ya ce zai je gaban dagaci ko da za a kore shi. Na ce ya dakata, bishiyar ba tasa ba ce, ya riga ya yanke mata hukunci sau ɗaya ba da izinin mai ita ba. Ni ma ba zan zaɓa miki ba. Na juya abin ta kowane gefe, ban samu gefen da ba ya ciwo ba. Sai dai ki hanzarta, gajimare ya fara taruwa a gabas.

Ki gaida Malam Murtala da kyau, da Asma'u da mijinta, da Jabiru, ki ce masa Kawu na nan bai manta da alkawarin tabarau ba. Afra'u na gaishe ki, tana neman addu'a. Uzairu ya ce in gaishe ki, ya kasa kiran ki da kansa.

Direban da zai ba ki takardar nan zai haɗa miki da ƙulli daga Uwa. Daddawar kalwar bara ce, ita ce ta ƙarshe a tukunya. Ta ce ki riƙa sawa kaɗan-kaɗan.

Wassalam. Ni ne yayanki,
Haliru.