Baiti Na Biyu Nawa Ne

Sabha, Libiya

Sharifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna da mutanen Lajawa baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau nake. Wayata ce dai aka karɓe a wani shingen bincike a hanya, kada ki tambayi yadda aka yi. Haƙarƙarina da ya bugu a wurin ma ya yi sauƙi, ina fita aiki.

Na san yayanki Haladu ne zai karanta miki takardar nan, don haka akwai maganar da ba za ta faɗu ba. Kin tuna waƙar da aka yi ta sawa a bikin ƙanwata Safara'u, har na ce surutu ce kawai? Tana cikin wayar abokin ɗakina. Sai a nan na saurare ta da kyau. A baiti na biyu mawaƙin yana cewa ya ci abincin garuruwa da yawa, amma a gida ɗaya yake ƙoshi.

Ranar Juma'a ki aika da wayarki kasuwar Wudil a tura miki ita. Ki ji ta ke kaɗai. Idan ya zo wannan baitin, ni ne nake magana.

Yaya Haladu, ka yi haƙuri.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Ja'afar