Gorar da Na Dasa a Duro Saboda Inna

Zuwa ga ƙanina Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Maryam da yara. Ya Fatakwal, ya aiki? Mu nan Gaya lafiya lau, alhamdulillahi.

Tun da maƙwabcinmu ya ɗora bene, tagarsa ke kallon tsakar gidanmu. Inna ta daina fitowa shan iska, har ta ce ƙauyensu Toranke za ta koma. Kai ka ce a ƙara tsayin katanga, amma ginin ƙasa ne na Baba, ba zai ɗauka ba.

Ban nemi shawarar kowa ba. Na yanka duro shida gida biyu, na huda gindinsu, na cika da ƙasa da takin shanu, na dasa gora, na jera a jikin katanga. Ban dasa a ƙasa ba, don saiwarta sai ta ci ginin. Mutane suka yi ta dariya, wai gora sai fadama. Ni da kaina nake ba ta ruwa safe da yamma.

Damina biyu ke nan, ta rufe tagar ruf. Jiya na tarar da Inna a gindinta, ko mayafi babu, tana ɓare gyaɗa. Na ce, "Inna, yaushe ne tafiya Toranke?" Ta ce, "Kai dai matsa, ka tare mini iska."

Ku sa mu a addu'a. Ka gai da Kawu Idi.

Yayanka,
Garba