Umma, Autanki Ya Gama Karatu

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina kwance cikin ni'imar Ubangiji, na zo miki da labarin da na san da kina raye sai kin rangaɗa guɗa har maƙwabtanmu na Unguwar Rimi sun leƙo ta katanga. Autanki Sadiq ya gama jami'a. Sakamako ya fito, kuma ya ci da kyau.

Na san da damuwarsa kika tafi. A gadon asibiti kika riƙe hannuna kika ce, "Rabi, ga ƙaninki nan. Kar ki bari ya lalace." Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan maganar ba.

Bayan rasuwarki ya sake zana jarrabawa yana neman likitanci kamar yadda Abba yake so, ya sake rasawa. Daga nan ya shige ɗaki. Ya daina fita ƙwallo, abinci sai an yi da gaske, masallaci ma sai na buga masa ƙofa. Na tsorata, Umma. Kin san yaran layinmu da suka fara da irin wannan shirun, kin kuma san a shaye-shaye suka ƙare.

Ana nan sai jami'a ta ba shi gurbi a wani fanni da ba mu taɓa jin sunansa ba, wai nazarin muhalli da hanyoyin ɗorewarsa. Abba ya cire tabarau ya ce, "Shara zai je ya karanta?" Ƙaninki Kawu Sani kuwa cewa ya yi, "Likita an san shi, lauya an san shi. Wannan in ya gama, wa za a ce da shi?" Abin da na gani kawai shi ne yaron ya fito tsakar gida yana goge rigarsa, abin da ya daɗe bai yi ba. Na durƙusa gaban Abba na ce ya bar shi ya gwada.

Ni ma fa karatun ya ɗaure mini kai. Yau yana ɗakin gwaji yana auna ruwa, gobe yana haddar dokokin filaye, jibi lissafin tattalin arziki, gata zanen taswira. Wani hutun ma kasuwa ya riƙa zuwa yana tambayar masu abinci dalilin da ya sa suka fi son gawayi. Kawu Sani ya raɗa masa suna karatun dafa-duka. Ina dariya a gabansu, amma a zuciyata ina cewa taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar.

A gidan Goggo Asabe na gane amfanin karatun nan, can Rafin Guza. Kin tuna yadda ruwa yake shiga layinsu duk damina, in ya janye sai amai da gudawa su kama yara. Bara abin ya kama jikarta, wadda aka sa wa sunanki muke ce mata Ummi. Na ga yarinyar nan a asibiti, idanu sun faɗa, ana neman jijiyar da za a sa mata ruwa an rasa. Allah Ya tashe ta, amma da ƙyar. Sadiq yana tsaye a bakin ƙofa ranar. Da ya koma makaranta sai ya zaɓi layin nan a matsayin aikin bincikensa na shekarar ƙarshe.

Ya ɗebi ruwan rijiyoyinsu ya kai gwaji, aka ga ambaliya ce take tumbatso da masai, ƙazantar ta gangara cikin rijiya. Na zaci an gama, tunda an gano ciwon. Ashe nan aka fara. 'Yan haya suka ce aikin masu gida ne, masu gida suka ce na hukuma ne, wani dattijo ya ce tun kafin a haifi uban Sadiq suke shan ruwan nan. Umma, yaron da ko baƙo aka yi sai ya ɓuya, shi ne ya shimfiɗa taswira a gaban mai unguwa yana nuna masa ta inda ruwa yake bi. Ya faɗa wa masu gidaje abin da doka ta ɗora musu, cikin ladabi. Ya samu liman, ya samu fasto, ya zauna da matan gida a kan tabarma suna yi masa tsiya yana amsa musu. Duk abubuwan nan da na ɗauka tarkace ne, kowanne sai da ya yi masa rana.

Aka ɗaga bakin rijiyoyi aka yi musu murfi, aka rufe guda ɗaya da ta yi kusa da masai, matasa suka yashe kwata. Daminar bana ruwa ya sake shiga, ba zan ɓoye miki ba, har katifun Goggo ya jiƙa. Amma babu yaron da aka ɗauka zuwa asibiti daga layinsu. Ummi tana nan, ta yi kumatu, ta shiga makaranta.

Ban san aikin da zai samu ba, ga bautar ƙasa a gabansa. Yanzu ma ya ishe mu a gida, ya hana ni ƙona shara, leda kuwa sai na ɓoye nake shigowa da ita. Amma ɗazu da safe ina kicin na jiyo shi da Abba a baranda suna musu a kan wata bishiya da Abba yake so a sare. Sai Sadiq ya fashe da dariya. Dariyarki ce sak, Umma, har da ɗan tarin nan na ƙarshe. Na tsaya da ludayi a hannu ina ta hawaye, koko ya ƙone ban sani ba. Ba kukan baƙin ciki ba ne. Numfashi na sauke wanda na daɗe ina riƙe da shi.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya shayar da ke daga ruwan Alkausara. Ya raya mana Sadiq a kan alheri, Ya sa al'umma ta amfana da shi, ladan ya riƙa isa gare ki. Amin.

Taki har abada,
Rabi